Daga Bakin Rumfa: Ladabin Tambayar Mai Hoto

 

Yau maganar hoto za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa mai sayar da atamfa da hoto, amma duk wanda ke zaune a kasuwa a wannan zamani ya san amsar. A da, idan abokin ciniki yana Maraɗi ko Kano yana son ganin kaya, ƙyallen samfur ake ba direba ya kai masa, a zauna jiran kwana uku ko huɗu. Yanzu kuwa kalma biyu ce: "Turo hoto." Hoton nan shi ne dillalinka a garin da ƙafarka ba ta taka ba. In ya faɗi gaskiya ka ci riba. In ya yi ƙarya, ko da ba da saninka ba, sunanka ne zai ɓaci.

Ku ɗauki misalin shadda. Ka ɗauki hoton mai ruwan toka a cikin rumfa, ta fito da shuɗi-shuɗi a waya. Hajiya a Damagaram ta gani ta yaba, ta ce a ɗauko mata ta ankon mutum talatin. Kaya suka tashi daga Dantokpa, suka bi ta Malanbil da Gaya, suka isa bayan an biya kuɗin mota da na kan iyaka. Aka kwance ɗauri, sai ga launi daban, ga biki saura mako ɗaya. Wa zai ɗauki asarar? Ko an sasanta, wannan Hajiyar ba za ta sake aiko maka ba, kuma ba za ta yi shiru a cikin ƙawayenta ba.

Saboda haka dole muke neman waɗanda suka san hoto su koya mana. Kuma a nan ne ƙorafi yake. Akwai wani mai situdiyo da muke gaisawa a unguwarmu ta Zongo, mutumin kirki, ya fi shekara ashirin yana sana'ar. Ya taɓa ce mini mutanenmu sun fi kowa iya gaisuwa, amma in aka zo kan tambaya sai su miƙo waya kawai su ce "gyara mini". Maganar ta yi mini nauyi, domin na san ba ƙarya ya yi ba.

Mu da muka san darajar sirrin sana'a

Abin mamakin shi ne babu wanda ya kai mu sanin wannan ladabi a cikin tamu sana'ar. Yaro ya sauka a zango, ba ya tunkarar maigida ranar farko ya ce a nuna masa inda ake saro kaya da farashin sari. Zai yi shara, ya ɗauki kaya, ya tsare rumfa lokacin salla, ya yi shekaru ana auna amanarsa kafin a tafi da shi wurin sari. In wani baƙo ya tsaya gaban rumfarka ya ce, "Alhaji, a ina kake saro leshin nan, kuma nawa ake ba ka?" kallon da za ka yi masa ma ya ishe shi amsa.

To, mai hoto ma haka ya sha wuya kafin ya iya. A Benin da Togo, yaron da zai koyi hoto ko ɗinki ko gyaran gashi, iyayensa ne ke zuwa a yi yarjejeniya da mai sana'ar, a biya kuɗin koyo, ya yi shekaru yana hidima, sannan a yi masa bikin 'yantawa a ba shi takardar shaida. A Gana ma akwai irin wannan tsari. Wanda ya bi ta wannan hanya, in ka zo ka ce masa "ai dannawa ce kawai", ka zage shi ne ba ka sani ba.

Manyan masu hoton da Afirka ta Yamma ke alfahari da su duk ta ƙofar tambaya suka shiga. Seydou Keita na Bamako kafinta ne a wurin mahaifinsa, sai kawunsa ya dawo daga Senegal a 1935 ya ba shi ƙaramar kyamarar Kodak Brownie. Ya riƙa zuwa wurin waɗanda suka riga shi, irin su Mountaga Dembele, yana koyon wankin hoto, kuma sai a 1948 ya buɗe nasa situdiyo. Shekara 13 ke nan tsakanin kyautar kyamara da buɗe shago. Malick Sidibe kuwa fenti ne ya kai shi: a 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto a Bamako, Gerard Guillat, ya ɗauke shi ya ƙawata masa shago, daga nan ya zama yaronsa. A 1962 ya buɗe Studio Malick a unguwar Bagadaji, kuma a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu wannan girma.

A Najeriya akwai J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya shahara da hotunan kitson mata kusan dubu. Ya sayi kyamararsa ta farko a 1950, wani maƙwabcinsa ya nuna masa yadda ake riƙe ta. Ya yi ta aika wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan wasiƙar neman aiki, yana maimaitawa ba gajiya, har aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin wankin hoto a 1954. Wanda labarinsa ya fi kama da namu na 'yan ci-rani shi ne Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, yaƙin Biyafara ya rutsa da shi yana ƙarami, ya koma wurin kawunsa a Bangi. Ya yi 'yan watanni yana koyo a wurin wani mai hoto, ya buɗe nasa shago a 1975 yana ɗan shekara 13. Ragowar fim ɗin da ya rage bayan ya sallami masu ɗaukar hoto, da shi yake ɗaukar kansa ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta san yana lafiya. Waɗannan hotuna ne daga baya suka zagaya duniya.

Ba cewa nake mu bar rumfa mu je mu yi shekara uku muna share situdiyo ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne ilimin da muke nema a minti biyar, wani shekaru ya ba da kafin ya same shi.

Kafin ka buɗe baki

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma mai tambayar hanya ma sai ya san garin da ya nufa. Akwai abubuwan da ya kamata ka gwada da kanka kafin ka je wurin kowa.

Na farko, goge idon kyamarar wayarka da ƙyalle mai laushi. Wayar ɗan kasuwa tana kwana a aljihu tare da goro da kuɗi, hannu ya taɓa man gyaɗa ya taɓa ta, ga ƙurar hunturu. Da yawa daga hotunan da muke cewa sun yi hazo, maiƙo ne kawai a kan gilashin. Na biyu, fito da kayan daga cikin rumfa ka ɗauka a inuwa mai haske, da hantsi ko bayan la'asar, ka kashe filasha. Na uku, ka jingina gwiwar hannunka a kan tebur ko buhu don kada hannu ya yi rawa, kuma ka matsa kusa da ƙafarka maimakon jawo hoton da yatsu biyu, domin jawowar nan tana rage kyansa a yawancin wayoyinmu. Na huɗu, ka san sunan wayarka da lambarta. "Tecno ce" bai isa ba, Tecno iri-iri ce, haka Infinix da Itel da Samsung.

In ka yi waɗannan matsalar tana nan, yanzu kana da tambaya ta gaske. Kuma mai sana'a yana gane wanda ya gwada ya gaza da wanda yake son a tauna a ba shi ya haɗiye.

Yadda tambaya ke fita

Ga yadda da yawa daga cikinmu ke yi: "Maigida, hotunana ba sa kyau, me zan yi?" Wannan kamar mutum ya je wurin likita ne ya ce "ba ni da lafiya" ya yi shiru. Mai hoton zai yi maka tambaya goma kafin ya gano inda ke ciwo, ko kuma ya ce "sayi sabuwar waya" don ya rabu da kai.

Ga kuma yadda wani zai yi: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. In kana da minti biyar ina da tambaya ɗaya, in kuma kana cikin aiki in dawo. Shadda nake sayarwa. Ga ƙyallen, ga hoton da na ɗauka jiya da azahar a cikin rumfa da wannan wayar. Ka ga ruwan toka ce amma ta fito shuɗiya. Na goge gilashin, na kashe filasha, ba ta canza ba. So nake launin ya fito yadda yake don masu saye daga nesa."

Ku duba abin da ke cikin wannan 'yar magana. Ya faɗi abin da yake ɗauka, da wurin da ya ɗauka, da lokacin, da na'urar, da abin da ya riga ya gwada, da abin da yake so ya samu. Ya kawo ƙyallen kansa, domin gani ya kori ji. Kuma ya ba mutumin ƙofar cewa "dawo gobe" ba tare da jin kunya ba.

Wanda ya san aiki, da jin haka zai tambaye shi da me aka rufe rumfar. In tamfol mai shuɗi ne, an gama gano ciwon, domin hasken da ya ratso ta tamfol yana ɗaukar launinsa ya shafa wa duk abin da ke ƙasa. Idonmu yana gyara wannan da kansa har ba ma lura, kyamara kuwa ƙoƙarin cankar farin gaskiya take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Shi haske ma launi gare shi, kuma akwai ma'auninsa da ake kira Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700, hasken rana tsaka yana wajen 5500, inuwa a ƙarƙashin sararin sama kuma ta fi haka, tana karkata zuwa shuɗi. In ka haɗa ƙwai biyu masu launi daban a rumfa ɗaya, ga kuma rana tana leƙowa ta ƙofa, babu wayar da za ta fitar maka da launi daidai. Maganin da masu hoto ke bayarwa mai sauƙi ne: haske iri ɗaya, sannan ka ajiye farar takarda a gefen ƙyallen. In takardar ta fito fara a hoton, launin kayan ya kusa gaskiya. In ta fito shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya, kai da mai saye duk kun ga shaida. Ita kuma shadda mai ƙyalli irin Getzner, in haske ya doke ta kai tsaye sai ta yi fari fat a wurin, zanen ya ɓace. A karkatar da ita kaɗan, hasken ya zo daga gefe, sai zanen ya tashi.

Duk wannan bayani tambaya mai kyau guda ɗaya ce ta jawo shi. Shi ya sa nake cewa a riƙa yin tambaya ɗaya a zama ɗaya. Kada ka zo da launin shadda, ka ɗora da batirin da ke saurin ƙarewa, ka ƙare da hoton bikin ƙanwarka da kake so a cire wata mata daga ciki.

In mai hoton yana nesa sai ka tura masa ta waya, akwai abu biyu. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, ya kuma goge bayanan da ke ɓoye a cikinsa. Kowane hoto yana ɗauke da rubutun da ba a gani: sunan waya, ranar ɗauka, saurin ƙyaftawar kyamara, da lambar ISO wadda ke nuna yadda ta ƙara wa kanta ƙarfin gani a duhu. Da waɗannan ne gwani ke gane ko rawar hannu ce ko ƙarancin haske. Don haka ka tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda yake. Abu na biyu, hoto biyu ko uku sun isa. Kada ka juye masa arba'in, ka bi su da saƙon murya na minti tara wanda rabinsa gaisuwar mutanen gida ne da hayaniyar kasuwa. A gaisa, wannan wajibi ne, amma a taƙaita.

Lokaci da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai tura hotunan kayan Salla, tun watan Sha'aban ya kamata ya nemi koyo, ba daren jajibiri ba, lokacin da mai hoton ma nasa cinikin ke ci. Asabar da Lahadi ranakun biki ne a duk garuruwan nan da muke zaune, su ne kasuwar mai hoto. Ka neme shi Talata ko Laraba da hantsi.

Mafi muni shi ne a tare shi a tsakiyar aiki. Ana ɗaurin aure ko suna, mutum yana fama ya kama lokacin da ba ya dawowa, sai wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dubo mini wayar nan." In ango ya rasa hoton musabaharsa da surukinsa saboda kai, wa zai biya? Haka nan masu tsayawa a bayansa su ɗaga waya suna ɗaukar jerin da shi ya sha wahalar shiryawa, har mutane su rasa wace kyamara za su kalla. Kuma kada hannunka ya kai kan kyamararsa sai ya miƙo maka da kansa. Gilashin gaban nan kaɗai yana iya fin kuɗin babur.

Mu tuna kuma baƙi ne mu a ƙasashen nan. Sau da yawa mai hoton Bafone ne ko Ba'ewe ko Ba'ashante ko Bayarabe. Ka gaishe shi da harshensa ko da kalma ɗaya ce, "Maakye" a Kumasi da safe tana buɗe fuska. Ka kira shi da sunan girman da yaransa ke kiransa, Patron ko Masta. In tafinta kake buƙata, ka zo da ɗanka mai jin Faransanci ko Turanci, kada ka bar mutum yana ta fama da nuni da hannu. Yadda ka yi da shi, haka zai ɗauki duk mai hula da zai shigo bayanka.

Shawara daban, aiki daban

Nan ne aka fi samun saɓani. Tambaya ɗaya ko biyu a bakin shago, wannan zumunci ne, yawancin masu sana'a ba sa ƙyashin amsawa. Amma "zo rumfata ka ɗaukar mini kala sittin", ko "gyara mini waɗannan ka cire bayan", ko "koya wa yarona", wannan aiki ne, kuma aiki da kuɗinsa. Kai ka fara tambayar farashi kafin ya fara, kada ka bari sai ya gama ka ce "Allah ya saka da alheri" ka juya. Addu'a tana da kyau, amma kai ma ba ka karɓarta a madadin kuɗin turmin atamfa. In za ka yi tayi, ka yi irin na mutunci. Shi ma yana biyan haya da wuta, yana sayen tawada da takarda, kyamararsa kuma tana tsufa da kowace dannawa.

Wanda ya ba ka shawara kyauta, yaba kyauta tukwici. Ba lallai kuɗi ba: ɗan goro, yadi biyu na ɗinkin Salla ga ɗansa, ko ka kawo masa iyalinka ranar da za a yi hoton fasfo. Wanda ya fi duka shi ne ka tura masa ciniki. In maƙwabcinka na neman mai ɗaukar biki, ka ambaci sunansa.

Tun da na ambaci fasfo, a nan ma tambaya tana da ƙa'ida. Kada ka ce "hoton fasfo" kawai, ka faɗi takardar da ƙasar. Bizar ƙasashen Turai na Shengen tana son milimita 35 a faɗi da 45 a tsayi, ta Amurka kuwa murabba'i ce, inci 2 kowane gefe, da farin baya. Mata suna iya barin hijabinsu, muddin fuska ta fito sarai daga haɓa zuwa goshi. In ofishin ya ba ka takardar sharuɗɗa, ka je da ita hannunka. Wanda bai faɗa ba aka yi masa wani girman daban, bai da bakin zargin mai hoto.

In an faɗa maka gaskiya

Wani yana tambaya ne don a yabe shi. Ya nuna hoto ya ce "yaya ka gani?", aka ce masa ya karkace kuma bayan ya cika tarkace, sai fuska ta canza, ya fara "ai masu saye ba su taɓa ƙorafi ba". To me ya kawo ka? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sau da yawa wanda zai gyara maka bai kai ɗanka na fari shekaru ba, kuma ya fi ka sani a wannan fanni. Ka saurara har ya gama. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ya maimaita; in ya faɗi wata kalmar Turanci, ka ce ya nuna maka a kan wayar. Ka gwada a gabansa. In kuma shawarar ba ta yi maka ba, ka yi godiya ka tafi, ba sai ka ɗauki maganarsa ka kai wa mai hoton gaba ka ce "wane ya ce kaza, kai me ka ce?" don ka haɗa su ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowace yawa: "Wace waya ce ta fi kyan hoto?" Ba ta da amsa sai ka faɗi abin da ke aljihunka da abin da za ka ɗauka. Mai sayar da takalma a fili da mai sayar da sarƙa a cikin shago mai duhu ba buƙatarsu ɗaya ba. Kuma in gwani ya ce maka wayarka ta isa, haske ne matsalarka, ka gode masa sau biyu, domin ya hana ka kashe jari a banza.

Amanar da ke cikin waya

Wannan sashe na iyali ne, ina roƙon iyaye mata da matasa su karanta da kyau. Wayar da kake miƙa wa mai hoto ba hoton shadda kaɗai ke ciki ba. Akwai matarka ba mayafi a tsakar gida, akwai 'ya'yanka, akwai hoton katin shaidarka da rasiɗin kuɗi. Ka buɗe hoton da kake so a duba, ka riƙe wayar a hannunka, ko ka tura masa shi kaɗai. Wannan ba zargi ba ne, kuma mai sana'ar kirki ya fi son haka.

Kada ka nuna hoton wani don neman shawara sai da izininsa. Amaryar da ka ɗauka a bikin maƙwabta ba ta ba ka fuskarta don ka yi karatu da ita a gaban baƙi ba. Hajiyoyinmu masu sayar da leshi da turaren wuta daga gida, in za a nuna yadda mayafi ke zama, a ɗora shi a kan mutum-mutumin shago ko a ɗauka ba tare da fuskar yarinya ba, domin hoton da ya fita ba ya dawowa. Ku sani kuma wancan ɓoyayyen rubutu da na ambata, in an kunna alamar wuri a kyamarar, yana ɗauke da daidai inda aka ɗauki hoton. Wanda ka tura wa fayil ɗin yana iya gane ƙofar gidanka ko ma'ajiyar kayanka. A sa yaro ya kashe wannan alama kafin a fara ɗaukar kaya a gida.

Sai kuma roƙon da bai kamata a yi ba sam. Ka ɗauko hoton kayan wani, ka kai wa mai hoto ka ce ya goge sunan da ke jiki ya sa naka. Ko ka ce a ƙara wa atamfa ƙyalli da kaurin launi har ƙaramar roba ta koma kamar Holan ta Vlisco. Wannan algus ne, daidai yake da tauye mudu, kuma ka jawo bawan Allah cikin laifinka. In ya ƙi, kada ka ji haushi, mutumin da za ka riƙe ke nan.

Ka koma ka ba da labari

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. An ba ka shawara, ka gwada, ta yi aiki, sai ka ɓace kamar an aiki bawa garinsu. Sai bayan wata shida wata matsalar ta taso a sake ganinka. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ka biya ta shagon ka nuna masa sabon hoton ka ce, "Masta, ga abin da ka koya mini, kaya sun isa Damagaram ba ƙorafi." In ba ta yi aiki ba ma ka faɗa masa, domin shi ma yana ƙaruwa da sanin haka, kuma wataƙila akwai abin da bai gani ba a karon farko.

Abin da ka koya kuma kada ka rufe shi a aljihu. Maƙwabcinka na rumfa da ke fama da tamfol mai shuɗi, nuna masa dabarar farar takarda, ka kuma gaya masa wurin wanda ka koya. Yaran gida da suka fi mu saurin hannu a waya, a zaunar da su a koya musu yadda ake sallama, a nemi izini, a yi tambaya ɗaya tsararriya, a yi godiya. In a cikinsu akwai wanda zuciyarsa ta kwanta da hoto, kada a ce masa wasa ne. A kai shi wurin mai sana'a da goro da yarjejeniya, yadda ake yi a garin da kuke.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta bashi tsakanin 'yan gari ɗaya a baƙon wuri, da abin da ya sa littafi ya fi "ai mun san juna". Masu aiko da tambaya ku ci gaba, ina karantawa ko da amsa ta yi jinkiri. A gaida mutanen gida. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.